Dako a Kan Bishiya: Kimiyyar da ke Cikin Dabarar Maharba

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani ɗalibina ya tare ni a bakin aji, ya miƙo mini wayarsa, ya ce in duba wani hoto. Wani Ba'amurke ne zaune a kan 'yar kujerar ƙarfe da aka ɗaure a jikin bishiya, can sama daidai rufin bene, ga baka a hannunsa, ga kuma wani siririn tsani da ya bi jikin bishiyar har ƙasa. Tambayar yaron ita ce, me zai kai mutum mai hankali can sama alhali abin da yake nema a ƙasa yake kiwo?

Na ce masa ai wannan tambaya ba sai an je Amurka za a sami amsarta ba. A nan Hanwa, inda na tashi, muna da maƙwabci wani dattijo maharbi, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana dakon namun daji a kan bishiyoyin bakin kogin Galma. Tun da na san shi a sunkuye yake tafiya, yana dogara sanda, domin ya taɓa faɗowa daga kan wata kanya. Yawancin abin da zan bayyana a wannan maƙala daga bakin Baba na fara jinsa, muna yara, a kan tabarmar ƙofar gidansa, tun kafin in je jami'a in tarar da shi a littattafan ilimin halittu da wasu sunaye dabam.

Manufar maƙalar ita ce mu ga abin da hawa bisa ke ƙara wa maharbi, da abin da yake jawo masa, sa'an nan mu duba ko dabarar tana da sauran amfani a ƙasar da namun dajinta ke ƙarewa.

Barewarsu da Barewarmu

Kafin mu yi nisa, akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. Dabbar da Amurkawa ke yi wa dako, wadda ƙamusoshinmu suka saba fassara sunanta da barewa, ba danginsu ɗaya da barewarmu ba. Tasu tana cikin dangin da masana ke kira Cervidae. Ƙahonta ƙashi ne tsantsa mai rassa, yana faɗuwa kowace shekara wani sabo ya tsiro. Barewarmu kuwa, da gada, da mazo, da gwanki, da ɓauna, duk suna cikin dangin Bovidae, watau 'yan uwan akuya da tunkiya da saniya ne. Ƙahonsu ba ya rassa, ba ya faɗuwa, kuma an lulluɓe shi da wani kube mai tauri irin sinadarin da ke cikin farcenmu. A duk faɗin Afirka, in ka cire duwatsun Atlas na arewacin nahiyar, babu inda dangin Cervidae ke zaune tun asali.

To amma duk da wannan bambanci, rayuwarsu iri ɗaya ce. Dukkansu ciyawa da ganye suke ci, dukkansu kuma abincin wasu ne. Saboda haka idanunsu da hancinsu da kunnuwansu sun dace da aiki guda, watau gano maƙiyi tun yana nesa. Abin da za mu faɗa game da ɗaya ya shafi ɗayar. Don sauƙin bayani, za mu riƙa kiran tasu barewar Amurka.

Dakon Maharbin Hausa

Bahaushe ya bambanta mafarauci da maharbi. Mafarauta su ne masu fita a ƙungiya da karnuka da sanduna da kiɗa, su tayar da nama su bi shi. Maharbi shi kaɗai yake shiga dawa da bakansa ko bindigar tokarsa, kuma da yake makaminsa ba ya cin dogon zango, dole ya kusanci dabbar, taku ashirin ko talatin. Matsalarsa ke nan, kuma ya samo mata mafita biyu.

Ta farko ita ce burtu. Maharbi zai ɗaura wa goshinsa wani sassaƙaƙƙen itace mai siffar wuya da kan wannan babban tsuntsu da ke yawo a ƙasa cikin ciyawa, ya yi rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsince-tsince. Dabbobi sun saba da burtu, ba sa gudunsa, har maharbin ya iso inda kibiya za ta kai. Ta biyu ita ce dako, watau ya bar bin nama, ya zauna inda nama zai zo da ƙafarsa. Kalmar nan kwanton ɓauna da muke ji kullum a labarai daga dawa ta shigo gari.

Yadda Baba ya bayyana mana, dako aikin rani ne. Idan ƙananan rafuka suka ƙafe, ruwa ya saura a 'yan kududdufai, to kowace dabba sai ta zo mashaya. Haka kuma gindin kanya da ɗinya da ɓaure, lokacin da 'ya'yansu ke zuba, wurin taruwar gada ne, domin gada ma'abociyar 'ya'yan itace ce. Maharbi zai je da rana ya karanta sawu da kashi, ya gane wace dabba ce, daga ina take zuwa, kuma da wane lokaci. Sa'an nan ya zaɓi bishiya, ya gitta 'yan itatuwa a tsakanin rassa biyu, ya ɗaure su da igiyar rama ko ta kaba, ya yi wani ɗan gado da zai iya zama a kai. Da la'asar sakaliya zai hau, wani lokaci ba zai sauko ba sai gari ya waye.

Amfanin farko na wannan hawa a fili yake. Gamba ta kan wuce mita 2 a tsayi, wanda ke ƙasa ba ya ganin abin da ke gabansa, na sama kuwa yana hango motsin ciyawa tun daga nesa. Na biyu, ɓaunar da aka yi wa rauni ba ta hawa bishiya. Amma manyan dalilan suna cikin jikin dabbar kanta.

Idon Dabbar da Ake Farauta

Mai karatu, idan ka koma gida ka kama akuya ka dubi idonta da rana. Ɗan baƙin nan na tsakiya, wanda haske ke shiga ta cikinsa, a wurin mutum zagayayye ne, a wurin kyanwa a tsaye yake kamar tsaga, a wurin akuya kuwa a kwance yake. Haka yake a idon tunkiya da gada da barewar Amurka.

A shekarar 2015 wasu masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka da Jami'ar Daram ta Ingila suka fitar da sakamakon nazarin idanun dabbobin tudu iri 214. Sun tarar cewa masu kwantaccen baƙin ido galibinsu masu kiwo ne da ake farauta, waɗanda idanunsu ke gefen kai. Wannan siffa tana shigar da haske mai yawa daga gaba da baya da gefe, tana kuma rage wanda ke zuwa daga sama, kamar yadda malafa ke yi wa manomi. Wani abin mamaki da suka lura da shi shi ne, idan dabbar ta sunkuyar da kai za ta ci ciyawa, sai idanun su juya cikin guraben su, baƙin idon ya ci gaba da zama a kwance daidai da shimfiɗar ƙasa. Ke nan ko tana kiwo tana gadin kanta.

Har wa yau, a tantanin da ke bayan ido, inda hoto ke sauka, ƙwayoyin gani na irin waɗannan dabbobi sun fi cunkushewa a wani layi da ke kwance. Abin da ya faɗo a kan wannan layi shi suka fi gani sosai, watau abin da ke daidai da doron ƙasa. Idan aka haɗa wannan da zaman idanu a gefen kai, sai a ga barewar Amurka tana iya ganin kimanin digiri 300 na abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya ba, alhali mutum bai wuce wajen 180 zuwa 200 ba. Dalilin wannan tsari a bayyane yake: zaki da kura da kerkeci duk ta ƙasa suke zuwa.

Yanzu sai mu ɗan yi lissafi. Maharbin da ke mita 6 a sama, idan dabba tana mita 20 daga gindin bishiyarsa, ya ɗaga daga layin ganinta da kimanin digiri 17. Idan ta matso zuwa mita 10, ya zama kimanin digiri 31. Watau gwargwadon kusantowarta, gwargwadon fitarsa daga inda idonta ya fi kaifi. Maharbin ƙasa kuwa akasin haka ne, kowane taku ta ƙaro, ƙara bayyana yake yi.

Game da launi, gwaje-gwajen da aka yi wa barewar Amurka a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa ƙwayoyin gane launi iri biyu gare ta, mutum kuwa uku. Tana ganin shuɗi sosai, amma ja da ruwan lemo ba sa fita daga cikin ganye a idonta. Shi ya sa a jihohin Amurka da dama doka ta wajabta wa masu farauta da bindiga sa riga mai ruwan lemo mai haske: ɗan uwansu maharbi zai gan su daga nesa kada ya harbe su, dabbar kuwa ba ta damu da rigar ba. Abin da ba ya kuɓuce mata shi ne motsi. Baba ya sha gaya mana cewa sauro ya fi zaki wahalar da mai dako, domin hannu ɗaya da za ka ɗaga ka kore shi ya isa ya ɓata maka daren.

Kada dai a ɗauka cewa dabba ba ta duban sama sam. Gaggafa na ɗaukar 'ya'yan gada, damisa kuma ma'abociyar bishiya ce. Dabbar da aka taɓa harbi daga sama ta tsira ta kan koyi ɗaga kai, abin da maharban Amurka da namu duk suka shaida.

Hanci da Iska

Ido ba shi ne babban mai gadin dabba ba, hanci ne. Wani nazari da aka yi a Jami'ar Tokyo a 2014 ya ƙirga ƙwayoyin gado masu kula da jin ƙamshi da wari a jikin dabbobi daban-daban. Mutum yana da kusan 400, saniya fiye da 1,000, giwar Afirka kuwa kusan 2,000. Jikin mutum kullum yana sakin warin gumi da numfashi da hayaƙin da ya kama tufafi, iska kuma tana ɗauke da shi kamar yadda rafi ke ɗaukar rini.

A kusa da ƙasa iska ba ta da sauri, saboda ciyawa da duwatsu suna tare ta, don haka wari ya kan daɗe yana bin ƙasa, daidai tsayin hancin dabba. Idan aka ɗaga sama, iskar ta fi gudu, sai ta kwashe warin ta wuce da shi ta saman dabbar da ke kusa, kafin ya sauko ya riga ya tsinke. Wannan shi ne babban abin da hawa ke saya wa maharbi.

Amma akwai sharaɗi. Da safe, idan rana ta ɗumama ƙasa, iskar da ke kanta ta kan yi zafi, ta yi sauƙi, ta tashi sama da warin mai dako. Da yamma kuwa ƙasa ta kan huce, iska mai sanyi ta yi nauyi, ta gangara zuwa kwari da fadama kamar ruwa. Wanda ya zauna a kan bishiyar da ke tudu, mashaya tana ƙasa da shi, to da faɗuwar rana warinsa zai gangara kai tsaye zuwa bakin ruwan. Baba bai taɓa jin labarin nauyin iska ba, amma ƙa'idarsa ita ce dakon dare a bishiyar da ke ƙasan mashaya ake yinsa. Ya san kuma cewa da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma daga kudu maso yamma, saboda haka bishiyar da ta yi daidai a watan Janairu ba lalle ta yi a watan Yuni ba. Yana da 'yar jakar fata cike da toka, kafin ya hau sai ya ɗebo kaɗan ya saki, ya ga inda ta nufa. A yau kantunan kayan farauta na Amurka suna sayar da wani farin gari cikin 'yar kwalba don wannan aiki.

Kujerar Amurkawa da Tsaninta

Dako a sama ba na Hausawa kaɗai ba ne. Mutanen Indiya suna da gadon bishiya da suke kira machan, wanda aka yi ta dakon damisa a kansa. A Jamus duk wanda ya bi ta bakin dazuzzuka zai ga 'yan rumfunan katako masu dogayen ƙafafu. Abin da Amurkawa suka ƙara shi ne mayar da gadon abin ɗauka, na ƙarfe ko alminiyam, wanda mutum zai goya a baya ya shiga daji da shi. Galibi suna kafa shi tsakanin mita 4 da rabi zuwa 6.

Iri uku ne suka fi yawa. Na farko tsani ne mai kujera a ƙarshensa, ana jingina shi da bishiya a ɗaure. Ya fi sauƙin hawa, amma yana da nauyi, kafa shi sai mutum biyu ko uku. Na biyu wani ɗan dandamali ne da kujera da ake ratayawa a jikin bishiya da ɗamara mai ƙarfi, ana isa gare shi ta gajerun tsanuka da ake ɗaurawa ɗaya bisa ɗaya. Irinsa ne ɗalibina ya nuna mini. Na uku shi ne mai hawa da kansa, kuma ya fi ban sha'awa ga ɗalibin kimiyya. Gida biyu ne, na zama da na taka ƙafa, kowanne yana da igiyar ƙarfe da ta zagaye bishiyar ta baya da haƙora da ke cizonta ta gaba. Maharbi zai tsaya a kan na ƙasa ya ɗaga na sama, sa'an nan ya dogara a kan na sama ya janyo na ƙasa da ƙafafunsa, a haka har ya kai inda yake so. Nauyin mutumin shi ne ke sa haƙoran su kama, daidai da yadda masu hawan kwakwa a kudancin ƙasar nan ke jingina da igiyarsu. Da zarar an ɗauke nauyin, kamun ya saki. Shi ya sa ake haɗa gidajen biyu da igiya, domin kada na ƙasa ya zame ya bar mutum a sama ba mataki. Wannan iri ba ya aiki sai a miƙaƙƙiyar bishiya marar rassa a ƙasa, don haka da wuya ya yi amfani a jikin ɗorawa ko kaɗanya.

Abin da Hawa ke Jawowa

Maharbi ya hau sama ne don ya fita daga duniyar da jikin dabba ya saba da ita, amma shi ma jikinsa ba na can ba ne. Duk abin da ya faɗo, gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. Wanda ya faɗo daga mita 6 zai iso ƙasa cikin sakan 1.1, da gudun kimanin kilomita 39 a awa. Ko daga mita 3 ne, gudun ya kai wajen kilomita 28 a awa. Mai karatu ya kwatanta wanda babur ya watsar a jikin bango da irin wannan gudu. Idan mutum ya dira da ƙafa ko da mazaunai, ƙarfin bugun ya kan bi ta ƙashin baya ya murƙushe wasu gaɓoɓinsa, in kuwa laka ta taɓu, ƙafafu na iya mutuwa har abada.

A 1989 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto kan jihar Jojiya. Daga 1979 zuwa 1989 an sami rahoton mutum 594 da suka ji rauni wajen farautar barewa. Daga cikinsu 214, watau fiye da kashi ɗaya cikin uku, kujerar bishiya ce sanadi, kuma 17 daga cikin waɗannan sun rasu. Binciken da ya biyo baya a wurare da dama ya nuna cewa yawancin faɗuwar a lokacin hawa ko sauka take faruwa, ba lokacin zama ba.

Haka ta faru da Baba. Ya kwana a kan kanya cikin sanyin hunturu, ƙafafunsa sun yi tsami saboda daɗewa a naɗe, yatsunsa sun ƙage. Da asuba ya zo sauka, ga bindiga a hannu ɗaya, ya taka wani busasshen reshe da gara ta cinye cikinsa. Bai gaya wa kowa inda ya nufa ba, kamar yadda maharba suka saba ɓoye wurin dakonsu. A nan ya kwanta har rana ta take, sai wasu makiyaya da suka kawo shanu mashaya suka tsince shi.

Kowane ɗaya daga cikin kurakuran nan yana da magani. Masu ƙera kujerun a Amurka tun 2004 suke haɗa kowace kujera da ɗamara mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, wadda ake ɗaure igiyarta a jikin bishiya tun daga barin ƙasa har dawowa. Ɗamarar ƙugu kaɗai an daina yarda da ita, domin ta kan juyar da mutum kai ƙasa ko ta shaƙe masa ƙirji. Ana hawa hannu wofi, a janyo makami da igiya bayan an zauna. A kowane lokaci gaɓoɓi uku cikin huɗu su kasance a riƙe da tsani. Kuma a gaya wa na gida inda aka tafi.

Ita ma ɗamarar tana da nata haɗari, wanda darasi ne mai kyau a kan zagayawar jini. Jinin da ya sauka ƙafafu ba zuciya kaɗai ke dawo da shi ba. Tsokar ƙwauri ce ke matsa jijiyoyi yayin da muke motsi, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyoyin kuma su hana shi komawa baya. Mutumin da ya rataye a ɗamara, ƙafafunsa na lilo ba motsi, jini zai taru a ƙasa, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, ya suma cikin 'yan mintoci, in ba a sauke shi ba yana iya mutuwa. Dalili ke nan da sojan da ya daɗe a ƙame wurin fareti ke yanke jiki ya faɗi. Shi faɗuwar ce ke cetonsa, domin da ya kwanta jini zai koma kai, wanda ke rataye kuwa ba shi da halin kwanciya. Saboda haka ake haɗa ɗamarar da wata 'yar igiya da mutum zai taka ya miƙe, ya riƙa motsa ƙafafu.

Wannan bayani bai tsaya ga maharba ba. Masu ɗora amya, da masu kaɗo ɗorawa, da masu sassabe wa dabbobi ganye da rani, da yaran da ke hawa mangwaro, duk lissafin nan ɗaya ne a kansu. Tsamiya da kanya itacensu na da ƙarfi, rimi da kuka kuwa taushi gare su, amma busasshen reshe ko na wace bishiya ne ba abin amincewa ba ne. Ita ma bishiyar tana da haƙƙi. Sashenta mai rai wani siririn layi ne da ke ƙarƙashin ɓawo, ta nan abinci ke bi, ta nan take ƙara kauri. Ƙusa ko turken da aka buga mata ƙofa ce ga ƙwari da ruɓa, shi ya sa a dazuzzukan gwamnati da dama na Amurka aka hana matakala mai huda itace, sai mai ɗauri.

Ina Namun Dajin?

Tambayar da ta fi ci mini rai ita ce wannan: me ya sa Ba'amurke har yau yana da abin da zai yi wa dako, alhali wanda ya hau kanya a bakin Galma a yau da wuya ya ga abin da ya wuce zomo da gafiya?

Su ma sun taɓa kai wa bakin rami. A wajen 1900 barewar Amurka mai farar wutsiya ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan saboda harbin kasuwa da saran daji. A shekarar ce aka kafa dokar Lacey, wadda ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. A 1937 dokar Pittman da Robertson ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, wanda yake kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta, don raya namun daji. Jihohi suka ƙayyade watannin farauta da adadin da mutum zai kashe. Dazuzzuka suka sake tsirowa a tsofaffin gonaki, kerkeci kuma ya riga ya ƙare a yawancin wurare. A yau ana ƙiyasta yawanta da kimanin miliyan 30, har ta zama matsala ga manoma da direbobi.

Mu ma ba doka muka rasa ba. Jihar Arewa ta kafa Dokar Namun Daji a 1963, gwamnatin tarayya ta yi dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa a 1985. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga baƙi a 1962. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, a nan jiharmu ta Kaduna, ya zama gandun ƙasa a 1999, sai dai rashin tsaro ya addabi yankin shekara da shekaru. Abin da ya ci namun dajinmu shi ne faɗaɗar gonaki da garuruwa, da ƙonen daji, da harbi ba rani ba damina, da farautar dare da fitilar goshi. Wannan ta ƙarshe ma wata baiwar idon dabbar ce aka mayar makami a kanta: a bayan idonta akwai shimfiɗa mai sheƙi kamar madubi da ke ƙara mata gani cikin duhu, ita ce ke ƙyalli idan an haska fitila. Ga shi kuma barewarmu da gada da mazo ɗa ɗaya suke haifa a ciki guda, alhali ta Amurka ta saba haifar tagwaye, don haka ramuwar asara a wurinmu ta fi jinkiri. Barewa mai jan goshi ta yankinmu tana cikin jerin dabbobin da Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta ce suna cikin haɗari.

Amma abin da ya lalace yana gyaruwa. Warwaji, wanda a 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji, an mayar da shi ƙasar Chadi a 2016 daga waɗanda ake kiwo a killace, ya hayayyafa, har a 2023 aka cire shi daga wancan matsayi.

Kammalawa

Ilimin dako bai zama lalle ya ƙare da harbi ba. A ƙasar Kenya tun 1932 aka gina masaukin Treetops a kan bishiya kusa da wata mashaya, don baƙi su kwana suna kallon namun daji. A can Gimbiya Elizabeth ta Ingila ta kwana a watan Fabrairun 1952, daren da mahaifinta ya rasu sarauta ta faɗo kanta. A yau masu bincike suna ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a jikin bishiyoyi don ƙirga dabbobi, kuma ba wanda ya fi tsohon maharbi sanin bishiyar da ta dace.

Ga malamai, akwai gwaje-gwaje uku da ba sa bukatar kuɗi ko hawa ko da reshe ɗaya. A kawo akuya, ɗalibai su dubi baƙin idonta tana tsaye, su sake duba tana cin dusa a ƙasa. A sa ɗalibi ya kafa ido a wuri ɗaya, wani ya zagayo daga bayansa a hankali, a auna kusurwar da ya fara ganinsa. A sami gangare kusa da makaranta, a saki toka da hantsi, a sake saki bayan faɗuwar rana a ranar da iska ta kwanta, a rubuta inda ta nufa har mako guda.

Ga ɗalibai kuma, duk wanda ke da tsohon maharbi a unguwarsu ya je ya gaishe shi da littafi a hannu. Ya tambaye shi sunayen dabbobin da ya sani, da inda ya gan su, da shekarar da ya yi musu ganin ƙarshe. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ni ban rubuta ko kalma ɗaya daga bakin Baba ba sai bayan da ƙasa ta rufe shi, kuma abin da na manta ya fi wanda na kawo muku a nan yawa.